Mai Ɗinkin Kundi a Makasar

Shagona na bakin ƙofar jami'a ta biyu,
tsakanin mai miyar kan kifi da mai facin babur.
Daeng Ngalle nake. A aji uku na sakandare na ajiye biro,
amma tambaye ni dokar kundin digiri
in kawo maka ita tiryan-tiryan:
santimita huɗu a hagu, don zare ya sami wurin cizo,
uku a dama, tazara biyu tsakanin layi da layi,
bango kore ga 'yan noma, shuɗi ga 'yan teku,
sa hannun malamai biyu, kada tawada ta yi nashe.

Shekara ashirin da uku ina ɗinke ilimin mutane.
Injin kwafina tsoho ne, yana da nawa,
ido kuwa ba ya zaman banza.

Tenriawaru da damina ta fara zuwa,
takardu cikin leda, takalmi a hannu.
Kan ciyawar teku ta yi rubutu,
irin wadda ubanta ke ɗaurawa a igiya can Takalar
ya shanya bisa gadon gora.
Sau shida ta kai, sau shida ya dawo
da jan biron Dokta Hasnawati, kamar a kai aka yanka kaza.
Babi na biyu ya rame, a ba shi manazarta,
talatin aƙalla, kada ɗaya ya girmi shekara goma.
Na'urar kama satar rubutu ta ce ashirin da bakwai cikin ɗari,
doka ta ce ashirin da biyar.
Biyu tak!
Kwana uku tana juya jimloli
kamar mai juya kifi a kan garwashi.

Shafi na hamsin da ɗaya ne ƙashin da ya tsaya a wuya.
Ta rubuta: in ruwa ya yi ɗumi kafin asuba,
ciyawa za ta yi furfura cikin kwana huɗu.
A gefe aka tambaya: Inji wa? Wace shekara? Wane shafi?
Ta ce, "Daeng, babana ne.
Da ƙafa yake aunawa. Ƙafa tana da shafi?"
Na ce ni dai zare na sani.

Ta ari ma'aunin zafi ta koma gida.
Mako shida tana bin tsoho cikin teku kafin assalatu,
shi da tafin ƙafa, ita da ɗan littafi.
Sau biyu kacal suka saɓa,
ɗaya ma, in ji ta, batir ne ya mutu.

Ranar kare kundi, farar riga, baƙin siket,
alƙalai uku, kowa da rabon makinsa:
kaza na rubutu, kaza na baki, kaza na natsuwa.
Tsohon ya zo, ya ƙi shiga.
Wai yana warin gishiri.
A bencina ya zauna, hula a gwiwa,
ya ƙirga babura har ya gaji.

Awa biyu ta fito, ido ja, baki har kunne.
Ta ci. Da gyara, cikin mako biyu.
Ai kullum da gyara.

Ya ɗaga kundin, ya jinjina,
ya ce in aza masa a sikeli, shi da kilo ya san kaya.
Giram ɗari takwas.
"Shekara huɗu," ya ce, "ko kilo bai cika ba!"
Ta buɗe masa can baya, inda manya ke jere,
tsakanin wani farfesan Japan da wata hukuma:
Daeng Sikki, hira, Takalar.
Ya ɗora yatsa a wurin. Ya daɗe bai ɗauke ba.

Doka kwafi biyar ta ce.
Ya kwance bakin zaninsa, ya biya na shida,
ya ce in naɗe masa da leda biyu,
kwalekwalensa yana yoyo.